Hancin Ilu

Bazarar nan da muke ciki ta cika shekara shida da rasuwar yayana Iliyasu, wanda kowa a Gangara ke kira Ilu. Ni da jikin 'yata Zainabu nake lissafin. Ranar da ya faɗo daga rufi tana jinjira, ko wuya ba ta iya tsayarwa. Bana ta shiga lakol, wato makarantar boko, haƙorinta na gaba ya fita, har ta iya yi mini gardama.

Ku da ke karanta wannan a Gazawa ko Agye ko can Gidan Rumji, da yawanku kun san sunansa, shi ne ba ku sani ba. In kun taɓa tsayawa inda ake ɗora tankin ruwan zafi na rana a kan rufi, wataƙila kun ji mai aikin ya nuna ɗan bututun nan da ke tsaye a bisa tankin ya ce, "Wannan shi ne hancin Ilu, ba a toshe shi." Daga nan sai a kwashe da dariya. To, Ilun nan mutum ne. Nono ɗaya muka sha. Dogo ne siriri, yana tafiya kamar ana jiransa a wani wuri, kuma hancin nasa ma ba wani babba ba ne.

A Maraɗi ya koyi aikin famfo, ya dawo ya buɗe 'yar rumfa a Gazawa. In yana gaban ƙarfe da tiyo bakinsa ba ya hutawa, har da su yake hira. In yana gaban manya kuwa sai ka ce an ɗinke masa leɓe. Babanmu ya rasu tun muna ƙanana, gidan ya koma hannun wansa, Baba Mati. A gabansa Ilu ya tashi, a gabansa ya koyi durƙuso da kallon ƙasa.

Da cikina na fari ya tsufa aka maido ni gida Gangara, kamar yadda ake yi wa kowace mai haihuwar fari. Tun kafin in zo Inna ke tara kara da 'yan itatuwa a bayan rumbu saboda wankan jego. Duk macen ƙasar nan ta san abin da wankan ke ci: tukunya babba safe da yamma, kwana arba'in, ga itace ya yi nisa da gari, ga Inna da tarin da hayaƙi ke tayar mata. Ilu ya dubi tulin karan, ya dubi Inna, ya ce, "Wallahi bana ba za ki hura wutar nan ba. Rana ce za ta dafa wa Hajara ruwa." Hajara ni ce.

Ina kwance a tabarma a inuwar bishiyar bedi, ciki ya yi mini nauyi, na ga aikin tun daga farkonsa. Bai yarda ya ɗora a kan tsofaffin ɗakunan ƙasa ba, ya ce in tankin ya cika nauyinsa ya fi na saniya, azara ba za ta ɗauka ba. Ɗakin bulo mai rufin siminti da ya gina don amaryarsa, shi ya ba ni in yi jego a ciki, kuma a kansa ya ɗora. Ya juya fuskar abin kudu. Ya sare reshen bedin da ke jefa inuwa a wurin da hantsi. Ya ɗaure ƙafafun ƙarfen da kusoshi a cikin siminti saboda iskar farkon damina. Dogayen kwalaben nan baƙaƙe da ke shan rana, da buhu ya lulluɓe su har sai da ruwa ya shiga, ya ce in sun yi zafi babu ruwa a ciki aka zuba musu mai sanyi, fashewa za su yi. Ya ja tiyo zuwa makewayi ya sa famfo, ya kuma maƙala wa famfon kwaɗo don kada yaran gida su buɗe su ƙone. Mabuɗin ya kai wa Baba Mati da hannu biyu, don shi ne mai gida.

Gwaggo Hajo, wadda ke yi wa matan gidanmu wanka, ta ce ita ba ta yarda ba.

"Ruwan da bai ga wuta ba, shi za a gasa mai jego da shi? Ɗanyen ruwa? Kai Ilu, a Maraɗin aka cire maka hankali?"

"Gwaggo, taɓa ki ji."

Ta tsoma yatsa a bokitin, ta fizge, ta sa a baki. Har ta gama yi mini wankan jego ba ta ce ya yi gaskiya ba, amma kullum ita ke fara tambayar mabuɗi. Sai ta sirka, ta tsoma ganyen bedi, ta yi ta fyaɗa mini ina ihu tana cewa, "Yi shiru, ragguwa, na uwarki ya fi wannan zafi."

Abu ɗaya ne ya tsaya wa Baba Mati a rai. Kullum in rana ta take, ɗan bututun da ke bisa tankin sai ya fara huci, ya tofar da ruwa, ruwan ya biyo bango yana ɗiga ƙasa. Ku fahimce ni, Baba Mati ba mahaukaci ba ne. Mutum ne da ya yi samartakarsa a shekarun fari, yana bin jaki zuwa rijiyar wani gari. Ruwan alwalarsa bai cika moɗa ba. Ya taɓa marin jikansa don ya zubar da sauran ruwan sha a ƙasa. A idonsa duk abin da ke ɗiga ya lalace ne, kuma duk abin da ya lalace ana ɗaure shi da roba.

Ya kira Ilu a gaban zaure. Ina jinsu ta bayan zana.

"Abin naka yana yoyo."

"Ba yoyo ba ne, Baba. Hancinsa ne. Numfashi yake yi."

"Ƙarfe ne ke numfashi?"

"Haka aka yi shi, Baba."

"Wanda ya yi shi bai taɓa jan guga ba."

Ilu ya yi 'yar dariyar nan ta ladabi, ya tashi. Da ya shigo cikin gida kuwa sai ya tara mu, ni da Inna da Gwaggo, yana kaɗa yatsa. Ya ce in ruwa ya tafasa dole ya sami hanyar fita, in aka toshe hancin nan tankin zai kumbura kamar tukunyar da aka liƙe wa murfi, kada kowa ya taɓa, kada, kada. Mu da ba mu hawa rufi muka sha "kada" har muka ƙoshi. Wanda ke hawa rufi duba shanyar kuɓewa, shi ba a ce masa ba. A gidanmu ɗa ba ya ce wa uba "kada". Na daɗe ina juya wannan a raina. Duk ƙarfen da yayana ya ɗaure ya ɗauru, kalma ɗaya ce ta gagare shi.

Ranar kasuwar Gangara ce. An yi mini wankan safe, an cika tanki, an kulle famfo. Ilu ya tafi rumfarsa a Gazawa. Na ji takun mutum a kan rufi da hantsi, na ɗauka shanya ake dubawa. Daga baya na ji Baba Mati yana sallama da Inna zai tafi kasuwa.

Shirun ne ya fara damuna. Na saba da ɗigar nan, da ita nake gane azahar ta kusa. Ran nan kuwa rana ta take, bango a bushe. Can sai na ji wani ƙugi daga sama, kamar cikin mai yunwa, sannan ƙas, ƙas, kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe daga ciki. Na kira Ilu a waya na ɗaga ta sama don ya ji. Ban taɓa jin muryarsa haka ba.

"Ɗauki yarinyar ki fita! Ku fita daga ɗakin, ku duka! A buɗe famfon ƙasa, a matsa nesa!"

"Yaya, a kulle yake. Mabuɗin yana aljihun Baba."

Ya kashe wayar. Muna tsaye a gindin bedi, ina rungume da Zainabu, muka ji babur ɗinsa. Ko tsayar da shi bai yi da kyau ba. Ya fizgi tabarmar da nake kwanciya a kai ya hau tsani, don ya rufe kwalaben rana ta daina dafa ruwan. Na gan shi ya sunkuya yana shimfiɗawa. Bai taɓa bututun ba, wannan ko a gaban wa zan rantse. Abin da aka cusa a ciki ne ya fito da kansa, da ƙara kamar bindigar mafarauta, tururi da tafasasshen ruwa suka biyo shi. Fuskar Ilu na daidai wurin. Ya ɗaga hannu biyu, ya ja da baya, ya ƙara ja. Rufin ba shi da katanga ta wannan gefen.

Abin da ya fito daga bututun ya faɗo kusa da ƙafata. Totuwar masara ce, an naɗe ta da baƙar robar taya, irin naɗin da Baba Mati ke yi wa bakin bido, wato jarkar ruwa.

Aka ɗauki Ilu a mota zuwa Maraɗi. Ni ba a bari na bi ba, mai jego ba ta fita. Bai kai Juma'a ba ya cika, kuma har aka binne shi ban ƙara ganin fuskarsa ba. Inna ta ce gara da ban gani ba.

Wanka kuwa ba a fasa ba, ko na yammacin ranar. Gwaggo ta ce in aka tsallake sanyi zai shige ni. Aka ɗora tukunya a murhu. Karan da Inna ta tara an riga an bai wa maƙwabta, sai aka farfasa tsanin Ilu aka hura. Ina zaune ina kallo Baba Mati ya dawo daga kasuwa, ya zagaya tsakar gida kamar mai neman allura, ya duƙa ya ɗauki totuwar, ya jefa ta a wutar. Robar ta yi baƙin hayaƙi. Da ita aka dafa ruwan da aka fyaɗa mini a daidai lokacin da fatar yayana ke saɓulewa a kan hanyar Maraɗi. Ranar ban yi ihu ba, Gwaggo har ta yaba mini.

A zaman makoki na ji Baba Mati yana ce wa masu gaisuwa, "Yaran yanzu sai gaggawa. Tun farko na ce masa abin nan yana da lahani." Suna cewa Allah ya ba da haƙuri, yana amsawa. Na ja Inna ɗaki na faɗa mata abin da na gani. Ta toshe mini baki da tafinta. Ta ce, "Zazzaɓin jego ne ke sa ki surutu. In ya kore mu, gidan wa za mu?" Kafin in yi arba'in an sayar da tankin ga masu sayen tsohon ƙarfe. Yarinyar da Ilu zai aura ta yi aure kafin kaka, ɗakin kuma Baba Mati ya zuba gyaɗa a ciki.

Na ɗauka ni kaɗai na sani. Ashe maƙwabta sun ga mai hawa rufi da hantsi, sun kuma ji ƙarar. Kowa ya sani, babu dai wanda ya faɗa a inda za a kira shi shaida. A teburin mai shayi maganar ta fito, kuma da dariya ta fito. Wani sai ya miƙe ya ce "fush!", ya ɗaga hannu biyu, ya ja da baya yana tangaɗi har ya faɗa kan benci. 'Yan kabu-kabu suka ɗauke ta suka kai Gazawa, masu motar kasuwa suka wuce da ita gaba. In butar shayi ta yi huci, hancin Ilu. In mota ta tafasa a hanya, hancin Ilu. Ban taɓa jin an ce totuwar Mati ba. Mai rai ana jin kunyarsa, yana da 'ya'ya maza, yana zama a sahun gaba.

Da na haifi na biyu, namiji, na roƙi maigidana a sa masa Iliyasu. Ya ce, "Hajara, kina so yara su riƙa bin sa suna toshe hanci?" Aka sa masa Sani. Ban yi fushi da shi ba, gaskiya ya faɗa.

Wani lokaci nakan ce da Ilu zai leƙo yanzu. A lokacinsa ana ce masa mai dafa ruwa da iska, yau in ka hau babur daga Gazawa zuwa Agye za ka ga tankunan nan suna ƙyalli a kan ɗakin haihuwa da gidajen masu hali. Na san zai yi murna, don ba mai riƙo ba ne. Na kuma san zai tsaya a gindin wasu yana cizon yatsa. Na ga wanda aka ɗora a kan rufin ƙasa, azara har ta lanƙwasa. Na ga wanda aka sa a ƙarƙashin inuwar mangwaro, mai gidan yana zagin abin wai ba ya zafi. Na ga wanda ƙura ta rufe kwalabensa babu mai hawa ya goge da safe. Na ga masu aiki a bakin rufi da silifa, babu igiya a ƙugu. Har a gidanmu na Gangara akwai sabo, ɗan Baba Mati da ke fatauci ne ya sa masa don alwalar asuba. In baƙi sun zo Baba Mati yakan ce, "Ai mu muka fara sa irin wannan a garin nan." Hancin tankin nasa yana ɗiga a bango kullum. Shi kuwa yana zaune a ƙasa da carbi, bai taɓa ɗaga kai ba.

Abin da ya sa na kasa yin shiru bana shi ne, abin ya biyo ni gidan aure. Surukina, Alhaji, ciwon gwiwa ya dame shi, aka ce ya riƙa gasawa da ruwan zafi. Bayan ƙaramar salla aka ɗora tanki, kuma rufin simintin da ya fi dacewa a duk gidan shi ne na ɗakina. A gindin bangon nan Zainabu da Sani ke wasan 'yar tsana. Masu aikin sun yi aikinsu da kyau, sun yi barkwancin hanci, sun tafi. Alhaji yana masallaci a lokacin.

Ba a daɗe ba ɗigar ta zana tsatsa a sabon fentin bango. Na ga Alhaji ya tsaya yana kallo, hannu a baya, irin tsayuwar da na sani. Na sa roba a ƙasa ina tarar ruwan ina ba kaji, don kada a ce ɓarna ce. Bai hana shi tsayuwar ba. Na faɗa wa maigidana, ya ce babansa ya fi mu sanin gidansa, ya tafi fatauci bakin iyaka da kayansa. Na faɗa wa uwar mijina, ta ce, "Ke dai da tsoro, 'yar nan. Abin da ya sami ɗan'uwanki ajali ne." Ni kuwa suruka ce. Ko sunan Alhaji ba na faɗa, in ya shigo ta nan ni ta can nake bi. Tun daga lokacin, in rana ta take nakan bar duk abin da nake yi in saurara. In na ji ɗiga sai in ci gaba da daka. In iska ta ɗauke sautin, sai in ga na kwashi yara na yi ƙofar gida ba mayafi.

Ran Talatar da ta wuce da hantsi na ji ana jan tsani. Na leƙa ta zana. Alhaji ne, ya ɗaure babbar riga a ƙugu, gwiwar da ke ciwo tana rawa a kan matakin farko. A hannunsa akwai guntun icce da ya feƙe, da igiyar roba. Ba totuwa ba ce wannan karon, amma naɗin ɗaya ne. Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Kalmar nan da ta gagari yayana ta zo mini har maƙogwaro ta tsaya, na ji na durƙusa ma ba tare da na sani ba, a bayan zana inda ba ya ko ganina.

Sai ga Tanko, taubashin Alhaji, ya shigo neman aron gatari. Shi kaɗai ne a unguwar ke iya faɗa wa Alhaji abin da ya ga dama. Ya dubi tsani, ya dubi iccen, ya riƙe ciki.

"La ilaha! Tsoho, hancin Ilu za ka toshe? Ka gaji da duniya ne, ko gadon kake so mu raba da wuri?"

"Kai tafi can, mahaukaci. Bango yake ɓata mini."

"Bari in nuna maka yadda ake saukowa, don ka iya tun yanzu."

Ya ce "fush!" Ya ɗaga hannu biyu. Ya ja da baya, ya ƙara ja, yana karkaɗa kai kamar wanda ba ya gani, ya zube a kan buhun dusa ƙafafu sama. Ya iya sosai. Har yadda Ilu ya karkata kafaɗar hagu kafin ƙafarsa ta rasa rufi, yana cikin wasan, ban san wa ya adana musu wannan ba. Alhaji ya yi dariya har da tari. Uwar mijina ta yi dariya daga madafa. Zainabu ta tafa hannu ta ce a sake, Sani ya ɗaga nasa hannuwan yana ja da baya.

Alhaji ya sauko daga matakin, ya jefar da iccen, ya ce wa Tanko ya nemo masa mai famfo ya ja tiyo daga hancin zuwa gindin lemo.

Masu wa'azi sukan ce abin da mutum ya bari mai amfani shi ke bin sa kabari. Na duba abin da Ilu ya bari. Tankinsa an narkar, tsaninsa an ƙone, ɗakinsa gyaɗa ce a ciki, sunansa ban samu na sa wa ɗana ba. Gargaɗin da ya yi da hankalinsa, a cikin ladabi, babu wanda ya ji. Faɗuwarsa ce aka ji, ita ce ta zagaya ƙasar nan tana shiga gidajen da ni ba ni da bakin magana a ciki. Ban san rufi nawa dariyar nan ta tsare ba, na dai san ta tsare nawa. Shekara shida ina roƙon Allah ya sa a manta da wasan nan. Ran Talata na daina.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya sanyaya maka makwanci. Jiya da azahar Zainabu ta zo tana ja mini zane, ta ce, "Inna, wai wane ne Ilu?" Na ce ta yi shiru tukuna, ina sauraren bango.